Muryoyin Turanci a Wasannin Labari na Japan: Ina Ainihin Gizo Yake Saƙa?

Shin muryoyin Turanci da ake ɗora wa wasannin bidiyo na Japan suna rage musu armashi ne, ko kuwa masu ƙorafin suna ɗora wa masu muryar laifin da ba nasu ba? Wannan tambaya ta fi shekara 20 tana raba kan masu buga waɗannan wasanni a Amurka da Turai, kuma ta sake tasowa a shekarar 2023, lokacin da kamfanin Square Enix ya fitar da Final Fantasy XVI, wasan da aka rubuta labarinsa da Japananci amma aka fara ɗaukar muryoyinsa da Turanci. Waɗanda suka daɗe suna cewa muryar Japananci ita ce ta asali, ta Turanci kuwa kwaikwayo ce kawai, sai suka ga hujjarsu ta juye musu. Abin da ake kira mummunar murya sau da yawa abubuwa uku ne aka cakuɗa wuri ɗaya, wato rubutun da aka miƙa wa mai muryar, da yanayin da aka ɗauki muryar a cikinsa, da kuma kunnen mai sauraron kansa. Muddin ba a raba su ba, gardamar ba za ta kai ko'ina ba.

Wane irin wasa ake magana a kai?

JRPG taƙaitaccen suna ne da Turawa suka laƙaba wa wani nau'in wasa da ya bunƙasa a Japan, inda mai bugawa yake shiga rigar wani jarumi, ya bi dogon labari, ya tara abokan tafiya, ya yi ta gwabza yaƙi ƙarfinsa yana ƙaruwa har ya kai ga babban abokin gaba. Tushen nau'in yana komawa ga Dragon Quest, wanda Yuji Horii ya tsara wa kamfanin Enix a 1986, da Final Fantasy, wanda kamfanin Square ya fitar a 1987. Kamfanonin biyu sun haɗe a 2003. Wasa ɗaya yakan ci sa'o'i 40, wani ma ya haura 100, kuma kaso mai yawa na wannan lokaci yana tafiya ne a kan hira tsakanin jarumai. Saboda haka magana ita ce ƙashin bayan wasan. Muryar da ta gundure ka a wasan tseren mota za ka iya kashe ta ka ci gaba, amma a nan za ka zauna da ita makonni.

Shi kansa sunan yana da tabo. Naoki Yoshida, wanda ya jagoranci Final Fantasy XVI, ya faɗa a wata hira a farkon 2023 cewa lokacin da masu ƙera wasanni a Japan suka fara jin wannan suna sun ɗauke shi a matsayin na wariya, kamar ana yi wa aikinsu ba'a. Wajejen 2009 zuwa 2012 kuwa lokaci ne da jaridun wasanni na Yamma suka yi ta kushe wasannin Japan da cewa sun tsufa, labaransu na samari ne masu yawan kuka da surutu. Ko a cikin gida an yi wannan kukan, domin Keiji Inafune, babban jami'i a kamfanin Capcom a lokacin, ya furta a 2009 cewa masana'antar wasanni ta Japan ta gama yayi. Sai a 2017, da fitowar Persona 5 da Nier: Automata a ƙasashen Yamma, iska ta sauya. Wannan tarihi yana da muhimmanci, domin wani ɓangare na sukar da aka yi wa muryoyin Turanci a zahiri suka ce ga salon labarin Japanawa, murya ce kawai ta fi saurin shiga kunne.

Ranar da jarumai suka fara magana

Har zuwa ƙarshen shekarun 1990 yawancin waɗannan wasanni bebaye ne. Final Fantasy VII, wanda ya buɗe wa nau'in ƙofar kasuwar Amurka a 1997, rubutu ne kawai a kan allo, kuma ko da yake fassararsa cike take da kurakuran nahawu, mai karatu yakan gyara su a zuciyarsa, ya kuma ba kowane jarumi muryar da ya ga dama. Da murya ta shigo, wannan rufin asiri ya ƙare.

Final Fantasy X na 2001 shi ne na farko a cikin manyan wasannin jerin da aka ɗora wa murya, kuma har yau da shi ake buga misali. Akwai wani fage da jarumin, Tidus, da abokiyar tafiyarsa Yuna suka tsaya suna ƙyalƙyala wata irin dariya maras daɗin ji, kuma an yanko wannan ɗan guntu an yaɗa shi a intanet shekara da shekaru a matsayin hujjar cewa masu muryar Turanci ba su iya aiki ba. Wanda ya buga wasan ya san cewa labarin ne ya nemi haka: Yuna tana koya masa yadda ake tilasta wa kai dariya lokacin da zuciya take cike da damuwa, kuma da suka gama ta ƙaryar sai suka fashe da ta gaske. A Japananci ma dariyar haka take, ba daɗi. James Arnold Taylor, wanda ya yi muryar Tidus, ya sha bayyana cewa da gangan aka yi ta.

Matsalar gaske ta wasan tana wani wuri dabam. An riga an tsara motsin leɓen jarumai da tsawon kowace magana bisa Japananci, kuma ba a sauya su ba domin Turanci, don haka ya zama dole mai fassara, Alexander O. Smith, ya sassaƙa kowace jimla ta shiga daidai ramin da aka tanada. Inda Bajapane ya faɗi abu cikin daƙiƙa ɗaya, Bature ma daƙiƙa ɗaya yake da ita, ko maganar ta isa ko ba ta isa ba. Inda leɓe ya tsaya a tsakiyar jimla, shi ma sai ya tsaya. Daga nan ne aka samu saurin baki da tsaye-tsayen da ake zargin masu muryar da su. A ƙarshen wasan, kalmar godiya ta arigato da Yuna ta furta wajen rabuwa an mayar da ita furucin soyayya a Turanci, kuma har yau ana muhawara kan ko mai fassarar ya ci amanar labarin ne ko ya fito da abin da Bajapane yake ji a cikin wannan godiya ba tare da an faɗa masa ba. Ni dai ina ganin na biyun ya fi kusa da gaskiya, domin godiya tsurarta a bakin Bature a irin wannan wuri za ta yi sanyi fiye da yadda aka nufa.

Abin da ke faruwa a ɗakin ɗaukar murya

A Japan ɗora murya sana'a ce mai daraja, ana kiran masu yin ta seiyu, tana da makarantunta da kamfanonin da ke wakiltar masu yin ta, kuma manyansu taurari ne da sunansu kaɗai yake sayar da wasa. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne kusanci: wanda ya rubuta labarin yana gari ɗaya da mai muryar, yana iya zama a wurin ɗauka ya ce ga abin da nake nufi. A Los Angeles ko Landan kuwa, musamman a da, mai muryar yakan shiga ɗaki shi kaɗai, a miƙa masa jerin jimloli da aka ciro daga inda suke, ba ya ganin hoton fagen, ba ya jin wanda yake amsa masa, wani lokaci ma ba a gaya masa sunan wasan saboda sirrin kasuwanci. Mutumin da bai san ko abokin maganarsa yana gefensa ko yana ƙetaren kogi ba, yaya zai san ko ya yi raɗa ko ya ɗaga murya? Idan daraktan da ke zaune a bayan gilashi shi ma bai buga wasan ba, to makaho ne yake jan makaho.

Sai kuma kuɗi da wurin ajiya. Faifan DVD na zamanin PlayStation 2 sau da yawa ba ya ɗaukar muryoyin harsuna biyu na dogon wasa, don haka aka riƙa cire na Japananci gaba ɗaya, kuma wannan cirewa ita ta fi ƙona wa masoya rai, domin an hana su zaɓi. Wasu kamfanonin kuma sukan ɗora murya a rabin wasa su bar rabi: Tales of Symphonia da ya isa Amurka a 2004 ya zo da gajerun hirarraki na gefe waɗanda suke da murya a Japan amma suka zama shiru a Turanci. Martanin wasu masoya shi ne su fasa wasan a kwamfuta, su mayar masa da muryoyin Japananci su bar rubutun Turanci. An samu wasanni irin su Chaos Wars na 2008 da Arc Rise Fantasia na 2010 waɗanda muryoyinsu suka yi muni da gaske, ba tare da wani uzuri na labari ba, kuma irinsu ne suka shafa wa sauran kashin kaji.

Cewa rubutu yakan fi mai murya laifi, Ys VIII ya tabbatar da shi. Da ya fito a Turanci a 2017, masu saye suka yi ca a kan fassararsa, har kamfanin NIS America ya nemi afuwa a fili, ya sake fassara wasan, ya sake ɗaukar muryoyi, ya raba gyaran kyauta a farkon 2018.

Abin da Turanci ba shi da mazubinsa

Mai jin Hausa zai fi Bature saurin gane wannan ɓangare. Mu mun san bambancin ce wa mutum kai da ce masa ku, mun san nauyin yaya da kawu da ranka ya daɗe, kuma mun san cewa idan aka mayar da su Turanci sai su narke su koma kalma ɗaya. Japananci ya fi haka zurfi. Akwai hanyoyi da dama na cewa ni: watashi ta ladabi, boku ta yaro ko namiji mai sanyin hali, ore ta mai ji da kansa. Akwai kuma ɗafe-ɗafen girmamawa da ake liƙa wa suna, irin su san da kun da sama. Da jarumi ya buɗe baki, Bajapane ya riga ya san matsayinsa da yadda yake kallon abokin maganarsa. Jerin wasannin Persona, da yake labaransu a makarantun Japan suke faruwa, sun daɗe suna barin wasu daga cikin waɗannan kalmomi a cikin Turancin, sai ka ji Ba'amurke yana kiran wani senpai, wato wanda yake gaba da shi a makaranta. Wasu na ganin hakan riƙon amana ne, wasu kuma yana yi musu banbaraƙwai.

Haka nan salon wasan kwaikwayon kansa ya bambanta. Ihun kiran sunan sara kafin a kai shi, da 'yan ƙananan sautukan mamaki da ake yi a tsakiyar hira, da siririyar muryar 'yan mata, duk sun zauna daram a kunnen da ya tashi da zanen motsi na Japan. Idan aka kwaikwaye su a Turanci sai su zama abin dariya, idan aka cire su kuma sai bakin jarumi ya motsa babu sauti. Duk wanda ya kalli finafinan Indiya da aka fassara zuwa Hausa ya san wannan tsaka mai wuya, inda mai fassara yake zaɓa tsakanin bin kalma da bin abin da zai shiga zuciyar mai kallo.

Mafitar da ta fi yin tasiri ta fito ne daga Biritaniya, ƙasar da karin harshe yake bayyana garin mutum da ajinsa. Final Fantasy XII na 2006 ya ba manyan daular da ke mamaya karin Ingila, ya ba matasan ƙasar da aka ci da yaƙi karin Amurka, ta yadda siyasar labarin take fitowa tun daga lafazi. A Ni no Kuni, wanda ya isa Yamma a 2013, wani ɗan aljani mai barkwanci da ke magana da karin Osaka a Japananci an ba shi karin Wales, kuma ya zama abin so a wurin masu bugawa. Xenoblade Chronicles kuwa ya samu muryoyin Ingila ne saboda reshen Nintendo na Turai shi ya fara fitar da shi a 2011, yayin da na Amurka ya yi ta jan ƙafa har sai 2012, bayan wani gangamin masoya da aka sani da Operation Rainfall. Abin da ya faro a matsayin larura ya zama tambarin jerin.

Hujjojin ɓangarorin biyu

Masu fifita Japananci suna cewa wannan ita ce muryar da masu wasan suka zaɓa suka kuma sa ido a kanta, kuma fassarar da ake yi domin baki takan yi nisa da ma'ana fiye da wadda ake yi domin ido. Suna da gaskiya a wurare da yawa, musamman inda labarin a Japan yake faruwa. Yakuza na farko ya isa Yamma a 2006 da muryoyin Turanci, har da fitaccen ɗan wasa Mark Hamill a ciki, amma 'yan daban Tokyo masu ashar irin na Amurka ba su gamsar ba, kuma kamfanin Sega ya bar jerin da Japananci da rubutun ƙasan allo fiye da shekara 10 kafin ya sake gwadawa.

Sai dai akwai abubuwa biyu da wannan ɓangare ba ya son a taɓo. Na farko, wanda ba ya jin Japananci ba shi da ma'aunin gane ko mai muryar ya yi kyau ko ya yi kuskure. Ƙaiƙayi ne da ba ya jin sa, domin abin da ke isa kunnensa kiɗan harshen ne kawai, kuma kusan kowane baƙon harshe yana da daɗi idan ba ka san inda aka yi tuntuɓe ba. Na biyu, rubutun da yake karantawa a ƙasan allo a mafi yawan wasanni shi ne dai rubutun da aka shirya wa masu muryar Turanci, wato bai tsere wa mai fassarar da yake zargi ba. Judgment na 2019 yana cikin 'yan kaɗan da suka magance wannan, inda aka tanadi rubutu iri biyu, ɗaya mai bin Japananci, ɗaya mai bin muryar Turanci.

Masu goyon bayan Turanci hujjarsu ta aiki ce. Wasa ba fim ba ne: hannu yana kan maɓallai, ido yana kan abokin gaba, kuma jarumai suna magana a tsakiyar yaƙi, lokacin da babu mai sararin karatu. Ga kuma masu raunin gani da waɗanda karatu da sauri yake yi wa wuya. Rauninsu shi ne sukan kare kowace irin fassara, har wadda mai fassara ya cusa barkwancinsa ko ra'ayinsa a inda marubucin bai sa ba.

To wanne ne na asalin?

Tambayar ba ta da amsa ɗaya kamar yadda ake zato. Dragon Quest VIII ya fito a Japan a 2004 babu murya ko ɗaya. Muryoyinsa na farko su ne na Turancin Biritaniya da aka ƙara wa fitowarsa ta Yamma a 2005. Haka aka maimaita da Dragon Quest XI, wanda ya fito shiru a Japan a 2017, ya samu Turanci a 2018, sannan Japananci a 2019. Dark Souls da Elden Ring na kamfanin FromSoftware na Japan da Turanci jarumansu suke magana ko a Japan, Bajapane ne yake karanta rubutun ƙasan allo. A Final Fantasy XVI kuwa motsin fuskar jarumai an daidaita shi ne da 'yan wasan Turanci, irin su Ben Starr da ya yi muryar Clive, jarumin wasan, don haka wannan karon muryar Japananci ce take bin leɓen da ba nata ba. Sannan a 2025 wani ƙaramin kamfani a birnin Montpellier na Faransa, Sandfall Interactive, ya fitar da Clair Obscur: Expedition 33, wasan da aka gina a kan salon Japanawa, kuma muryoyinsa na Turanci suna cikin abubuwan da aka fi yaba masa.

Abin da waɗannan misalai suka haɗu a kai shi ne, harshen da aka ba lokaci da kuɗi da kusanci da marubuci shi ne yake fitowa da kyau, ko wanne ne.

Me wannan yake nufi ga mai saye da mai sana'a?

Rigimar zaɓi ta kusa mutuwa. Persona 5 ya zo a Afrilun 2017 da muryoyin Japananci da ake saukewa kyauta, Xenoblade Chronicles 2 ma haka a ƙarshen shekarar, kuma a yau kusan kowane babban wasa yana fitowa da harsunan biyu, sau da yawa a rana ɗaya a duk duniya. Wannan fitowa ta bai ɗaya tana da tsadarta, domin ana fassara ana ɗaukar murya tun wasan bai kammala ba, labarin yana sauyawa a ƙarƙashin ƙafar masu aikin. Ƙananan kamfanoni kuma, da suka ga masoyansu na gaske sun fi son Japananci, wasunsu sun daina kashe kuɗi a kan Turanci sam, wanda hakan yake rufe ƙofa ga sabon mai bugawa. Ga matashin da ke Kano ko Maraɗi wanda Turanci ko Faransanci ne harshensa na makaranta, abin ya fi sarƙaƙiya, domin karin Wales ko na arewacin Ingila da Bature yake jin daɗinsa shi yana iya zame masa wani sabon shinge, sai ya kunna rubutun ƙasan allo ko da ya zaɓi Turancin, ga kuma datar da sauke ƙarin muryoyi take ci.

Su kuwa masu sana'ar, damuwarsu ta wuce zagin intanet. Shekaru da dama ana ɗaukar muryoyin wasannin Japan a Amurka ba tare da yarjejeniyar ƙungiyar ƙwadago ba, har wasu 'yan wasa sukan ɓoye sunansu ko su yi amfani da na aro. Ƙungiyar 'yan wasan kwaikwayo ta Amurka, SAG-AFTRA, ta shiga yajin aiki a kan wasu manyan kamfanonin wasanni daga Oktoban 2016 zuwa Satumban 2017, kan batun ƙarin lada da kuma lahanin da sa'o'in ihu suke yi wa maƙogwaro. Ta sake shiga wani a Yulin 2024, wannan karon kan ƙirƙirarriyar basira, wato tsoron kada kamfani ya ɗauki muryar mutum sau ɗaya ya koya wa na'ura, ya ci gaba da sa ta faɗin abin da bai faɗa ba kuma ba a biya shi ba. Yajin ya kai kusan shekara guda, 'yan ƙungiyar suka amince da sabuwar yarjejeniya a Yulin 2025, wadda ta wajabta neman izinin ɗan wasa da biyansa kafin a yi amfani da kwafin muryarsa. Yarjejeniyar ta shafi kamfanonin da suka sa hannu ne kawai, alhali wasan JRPG mai dubban jimloli na ƙananan mutanen gari, masu sayar da kaya da masu gadin ƙofa, shi ne irin aikin da kamfani mai neman rage kashe kuɗi zai fara tunanin miƙa wa na'ura.